Bunu Ya Kulle Ƙwaƙwalwar Mota

Duk wanda ya taɓa tsayawa a tashar Dungas ya san Bunu, in bai gan shi ba ya ji shi, don muryarsa takan riga motarsa isa gari. Shofer ne, kuma a faɗarsa tun da aka fara ɗora ƙarfe bisa taya ba a yi kamarsa ba. Ya ce ya taɓa haye rairayin Yekuwa da taya uku, na huɗun yana biye da shi a baya don kunya. Ya ce akwai ranar da esansi, wato man mota, ya ƙare masa a tsakiyar daji, ya sunkuya ya yi wa motar magana a hankali, ta kai shi gida bisa amana.

Abin da ba ya faɗa shi ne motar ba tasa ba ce. Kat-kat ce, motar shiga rairayi mai buɗaɗɗen baya, ta gwaggonsa Hajiya Ƙande, 'yar kasuwar wake da riɗi, mace mai gajeren zance. Ranar da ta miƙa masa makulli magana ɗaya ta yi: "Duk ranar kasuwar Dungas buhunana su kwana Magariya. Ranar da kasuwa ta ci ta watse suna nan, makulli ya dawo hannuna." Ɗanta kuwa, Tijjani, taubashin Bunu, sharet aka bar masa, amalanken shanu mai ƙara kamar ƙofar tsohon rumbu. Shi kuma bai da sana'ar da ta fi masa daɗi irin tsokanar Bunu.

Wata rana motar ta kama tari kamar tsohon da ya shaƙi garin taba. Bunu ya kai ta Magariya, garajin Munir mai duba mota da ordinatar, wato kwamfuta. Munir ko kapo, murfin inji, bai ɗaga ba. Ya zura wata igiya ƙarƙashin sitiyari, ya danna nan, ya danna can, tari ya tsaya.

Bunu ya ce, "Me ka ba ta?"

"Ba abin da na ba ta. Da ƙwaƙwalwarta na yi magana." Munir ya ɗaga shimfiɗar da ke ƙarƙashin ƙafar fasinjan gaba, ya nuna masa wani akwatin ƙarfe da bai wuce tafin hannu biyu ba. "Cikin wannan akwai wani ɗan baƙin abu, bai kai farcenka ba. Duk abin da motar nan ta sani yana ciki. In kana so ma sai in kwafe maka in ajiye, ko in zuba wa wata."

"Ka zuba wa wa?"

"Wata motar irinta."

"Duk abin da ta sani?"

"Duka."

Bunu ya ƙura wa akwatin ido. To, wa ya koya wa motar nan abin da ta sani? Shi. Wa ya nuna mata ramin da ake kauce wa a hanyar Dogo-Dogo, da tudun da ake yi wa zagaye? Shi. Ashe duk wannan basira tana nan kwance ƙarƙashin takalmin fasinja, kowane ƙato ya zo da igiya ya zuƙe ta kamar fura.

Munir ya gane abin da yake tunani, ya ce, "Shofer, ba hanya ce a ciki ba, lissafin inji ne kawai."

"Cire igiyarka."

"Ai na gama."

"Ka gama me? Kawo ta nan."

Ya karɓi igiyar, ya kama ta daga bakin ordinatar ya tatso ta har zuwa mota kamar mai wanke hanji, don duk abin da ya fara hawa ya koma inda ya fito. Ya leƙa ƙarƙashin ordinatar ɗin ko wani abu ya ɗiga. Sannan ya ja motarsa, ko sallama babu.

Da Bunu mai iya riƙe baki ne, da maganar ta mutu a nan. Amma kafin inji ya huce duk tashar Dungas ta ji cewa a motarsa akwai ƙwaƙwalwar da babu irinta daga nan har Damagaram, kuma masu ordinatar sun yi kuka da hawaye ya hana su.

Tijjani yana kishingiɗe bisa sharet yana saƙace haƙori. Ya ce, "Bawana, ashe abin da kake taƙama da shi ke nan? Ai ka makara."

"Bawa ba ya magana in ubangijinsa na bayani."

Tijjani ya ɗaga salularsa. "Ɗazu da ka tafi alwala na jingina da ƙofar motar, na kunna abin da ake tura waƙa da shi. Sai shigowa take kamar ruwan famfo. Da ba ka yi saurin dawowa ba, da duk na kwashe."

"Ƙarya kake! In ka kwafa, ina za ka zuba? Kai da ko keke ba ka da shi?"

Tijjani ya nuna baƙin sansa. A ƙahon san ga wani ɗan tsumma ɗaure. "Kartin wayar, ɗan katin da ake ajiye waƙa a ciki, na ƙulle masa a nan. Tsaya ka gani." Ya ja ragama, ya ce, "Ja da baya!"

Sa ya ja da baya, tiryan-tiryan, har ya daidaita sharet tsakanin teburin mai shayi da tulin buhuna. Da ya tsaya sai ya yi wani gyaran murya.

Tijjani ya ce, "Ka ji ko? Har tarin ya ɗauko."

Tasha ta ɗauki dariya. Bunu ma ya yi, amma ta yaƙe ce. Shi dai a saninsa san nan bai taɓa ja da baya da kyau haka ba, kuma yadda ya karya kwana, wallahi hannunsa ne.

Washegari fasinjojin Dogo-Dogo suka tarar da Bunu tsaye a bakin mota rungume da tulu.

"Duk mai waya ya sa a nan."

Wata dattijuwa mai tallan daddawa ta ce, "Shofer, biki za a yi?"

"Inna, doka ce. Ba wayar da za ta zauna kusa da ƙwaƙwalwata."

"Yo ni wayata ko hoto ba ta ɗauka, kira ma sai an buga ta a gwiwa."

"Irinsu sun fi sata, ba a zarginsu."

Wani malamin lekol, wato makarantar boko, irin waɗanda ake kira Mushe, ya fara bayani cewa waya ba ta iya karanta akwatin mota sai da igiya da na'ura. Bunu ya dube shi sama da ƙasa, ya ce, "Mushe, duk wanda ya san yadda ba a yi, ya san yadda ake yi. Taka ta fara shiga."

Aka cika tulu, aka toshe bakinsa da tsumma, aka ɗaure shi can ƙarshen mota tsakanin awaki. Ba su yi nisa ba tulu ya fara waƙa. Wannan tana kiran salla, wannan tana kiɗan kalangu, wata tana kukan jariri, duk a ciki ɗaya. Kowa ya ce tasa ce, Bunu ya ce ba mai taɓawa. Awaki suka yi haƙuri iyakar haƙurinsu, har wani bunsuru ya ga abin ya isa haka, ya ja baya ya kai wa tulu karo. Tulu ya bar mota. Wayoyi suka watsu cikin rairayi kamar an yi shuka.

Aka tsaya tono. Kowa ya ɗauki wadda hannunsa ya kai, ga su duk baƙaƙe, duk ɗaure da roba. Mako guda ana juyayin abin a ƙauyuka. Wani tsohon liman ya yi ta amsa kiran samari suna ce masa "hasken idona," yana ce musu Allah ya shirye su. Inna mai daddawa ta sayar da raƙumin wani mutum ta waya, ta kuma yi masa ciniki mai kyau.

Hajiya Ƙande ta aika aka kira Bunu. Tana tsintar tsakuwa a faifan wake, ba ta ɗago ba.

"Na ji kana yi wa mutane kwastan."

"Gwaggo, dukiyarki nake karewa. Akwai maƙiya."

"Buhunana sun taɓa kwana Dungas?"

"Ko sau ɗaya."

"To, ci gaba da haukarka, amma ka yi ta a ranakun da ba kasuwa."

Bunu ya fito ya gaya wa mutane cewa Gwaggo ta yaba masa ƙwarai.

Tunda an ƙi rabuwa da waya, sai ya ga abin da ya fi shi ne ƙwaƙwalwa ta rabu da mota. Ya sa baduku ya ɗinka mata jaka mai maɗauri, irin ta ƙatuwar laya. Duk inda ya tsaya, ko na shan ruwa ne, sai ya durƙusa ya zare akwatin ya rataya ƙarƙashin riga. A masallaci in ya yi sujada sai a ji ƙwal, in ya ɗago a ji ƙwal, har liman ya tambaya ko wani ya shigo da akuya mai ƙararrawa. In mai waya ya matso su gaisa, sai Bunu ya dafe ƙirji ya ja baya, ya miƙa masa hannu daga nesa kamar mai ba kura abinci.

Ana nan, wata ranar zafi suka tsaya wani ƙauye a hanyar Yekuwa. Maɗaurin jakar ya ci masa wuya, ya zare akwatin ya ajiye bisa teburin mai shayi don ya sha iska, ya shiga ba mutane labarin yadda ya taɓa tsere wa guguwa. Labari ya yi daɗi. Ya tashi ya shiga mota, ya murɗa makullin kontak. Shiru.

"Batir ne," in ji shi. "Maza, a sauka a tura."

Maza suka sauka. Suka tura har suka fita gari. Shiru. Mata suka sauka suka kama. Suka haye tudu, suka gangara, suka wuce gonar gero, Bunu yana ciki yana ba da umarni, "Da ƙarfi! Ku ba ku ci tuwo ba ne?" Sai da wani tsoho ya zube gindin aduwa yana kalmar shahada, sannan Bunu ya shafa ƙirji ya ji jaka fayau.

Ya sauko a hankali. Ya ce, "Ku huta, na ga kun yi ƙoƙari. Bari in je in dawo."

Ya tarar da mai shayi yana fasa ƙanƙarar sukari da ƙwaƙwalwar mota.

"Kai! Ka san abin da ke hannunka?"

"Wallahi ban sani ba, amma ya fi guduma. Sayarwa ne?"

Ga kuma wayar mai shayin kwance a kan tebur, dab da inda akwatin ya zauna. Bunu ya dubi wayar, ya dubi mai shayi. Mai shayi ya ɗaga buta ya tsiyayo shayi daga sama, ya karkato da hannu a hankali, kumfa ta tashi. Bunu ya ce a ransa, shi ke nan, wannan karya kwanar ma tawa ce.

Ya dawo ya tarar fasinjoji sun gane abin da ya faru. Abin da suka gaya masa ba ya rubutuwa. Tijjani kuwa da labari ya kai masa sai ya ce a gaya wa bawansa tun daga ranar nan, shayin mutumin yake riga na kowa isa ciki.

Bunu ya ga abin nan yana son maganin dindindin. Ya ari waya, ya tsaya nesa da mota, ya kira Munir.

"Su masu ƙera abin nan, yaya suke hana a kwafa?"

Munir ya ce, "Wasu lambar sirri suke sawa. Wasu kuma sukan zuba wani ƙaro mai tauri a kan ɗan baƙin abin, ya daskare, ba mai iya kai masa."

"Ƙaro?"

"Irinsa dai."

"Ƙaron da yara ke tauna? Shi ya sa ake yi musu sata." Ya kashe waya.

A bayan gari akwai filin Mamadu mai buga tubalin siminti. Bunu ya bari sai da Mamadu ya tafi sallar la'asar, ya shiga da akwati a ƙirji. Ya naɗe shi da leda. Ya dubi kwaɓin Mamadu ya ga yashi ya yi yawa, wannan ai ko ɓera ya fasa. Ya farke sabon buhun siminti ya yi nasa kwaɓin, siminti zalla, yashi ɗan na albarka. Ya zuba a ma'aunin buga tubali, ya nutsa akwatin a tsakiya, ya cusa tsumma daidai bakin da wayoyin mota ke shiga, don in ya bushe ya zare tsumma ya sami ƙofa. Ya danna, ya daddale, ya kife shi a tsakiyar sahun ɗanyun tubala.

Ya ɗauki tsinke zai yi masa alama, sai ya tsaya. Alama ai ɓarawo ake yi wa. Ya jefar da tsinke. Ya duba ya ga jakin Mamadu tsaye a gefe, wutsiyarsa daidai sahun, ya ce, "Madalla. Tubalin da ke saitin wutsiyar jaki." Ya kakkaɓe hannu ya tafi yana jin tausayin Turawan da suka ƙera akwatin.

Kwanakin da suka biyo baya mota tana gindin bishiyar bedi a tasha. Duk wanda ya tambaya sai Bunu ya ce hutu ya ba ta, ranar kasuwa za a ga abin da ba a taɓa gani ba. Ya kuma ƙi leƙa filin Mamadu ko da wasa, don kada sawunsa ya tona asiri.

Ranar kasuwa ta zo. Tun da hantsi aka loda buhunan Hajiya Ƙande, fasinjojin Magariya suka hau bisa, Bunu ya ce kowa ya riƙe wayarsa, yau ya yafe, har wanda yake so ya kwanta a kan kapo ya yi ta kwafa. Ya tafi ɗauko ƙwaƙwalwa yana fito.

Jaki yana nan. Wutsiyarsa tana nan. Tubali ko ɗaya babu.

"Mamadu! Ina tubalan da ke nan?"

"An saye. Sandikar direbobi, ƙungiyarku, ai ku ne. Ban-ɗakin tasha da ake ta faɗa. Taubashinka ma ya yi jigilarsu da sharet, har an gama gini."

"Wanda ke saitin wutsiyar jaki fa?"

Mamadu ya dubi jaki, ya dubi Bunu. "Wace rana? Jakin nan juyawa yake."

Bunu bai san yana da gudu haka ba. A bayan tasha ga sabon ban-ɗaki, gini ɗanye, ƙofar langa-langa a rufe. Ya manna kunne a bango yana ƙwanƙwasa tubali ɗaya bayan ɗaya, yana cewa a hankali, "Ke ce? Ni ne."

Daga ciki aka yi gyaran murya. Sale ne, sarkin tasha, mutum mai tumbi da girman kai, wanda ya ce ba mai shiga sabon gini sai shi ya fara buɗe shi.

"Da mutum."

"Sarki, ranka ya daɗe, ci gaba da abin da kake. Da waya a jikinka?"

"Wane ne wannan?"

"Bunu ne. In da waya, don Allah miƙo ta ta sama, kana tsakiyar ƙwaƙwalwata."

"Bunu, in na fito sai ka raina kanka."

"Kada ka yi gaggawa, Sarki."

Ya ruga wurin mai facin taya ya ɗauko guduma. Ya zaɓi wani tubali a ƙasa da ya ji kamar ya amsa masa, ya kai masa duka. Tubali ya rududduge, ba komai ciki sai yashi. Ya fasa na kusa da shi. Yashi. Mutanen kasuwa suka fara taruwa.

"Shofer, me ake nema?"

"Abin da ya fi motar nan daraja yana cikin ɗaya daga tubalan nan!"

Ai kuwa bai rufe baki ba kowa ya nemi abin duka. Mai nama ya zo da gatari, masu doya da taɓare, inna mai daddawa da dutsen niƙa. Wasu suka ce zinari ne, wasu suka ce wani Balarabe ne ya ɓoye. Daga ciki Sale yana ihu, "Kai! Kai! Wane ne a gabas? Ku bar gabas!" Ba mai jinsa.

Bango ya yi wata miƙa kamar mai tashi daga barci, ya kwanta ta waje gaba ɗaya. Na kusa da shi ya ga ba amfanin tsayuwa shi kaɗai, ya bi shi. Ƙura ta lafa. Ga ƙofar langa-langa tsaye ita ɗaya da sakatarta a kulle, ga sarkin tasha a bayanta, ya rufa da babbar riga har ƙasa, buta a hannu, hula a karkace.



Sale ya miƙe da natsuwa, ya gyara hula. Bai bi ta inda bango ya faɗi ba. Ya zare sakata, ya buɗe ƙofa, ya fito ta nan, ya mai da ita ya rufe. Ya ce, "Duk wanda ya ga wani abu, motarsa ba ta lodi yau."

Direbobi suka haɗa baki, "Ba mu ga komai ba, Sarki!" Can baya wata mata ta ce, "Mu da ba mu da mota fa?" Dariyar da aka danne ta fashe, har masu awo suka bar mudu.

Bunu bai ji ba, yana rarrafe cikin ɓaraguzai. Duk tubalan sun zama gari, sai ɗaya, yana kwance lafiya lau ko gefensa bai ɓantare ba. Ya rungume shi. "Ga ta! Na gaya muku!"

Ya kai shi mota a kafaɗa, jama'a na biye. Ya ajiye shi ƙarƙashin kujerar gaba, ya jawo wayoyin mota, ya nemi tsumman da zai zare. Ya juya tubali. Ya sake juyawa. Ruwan siminti ya sha tsumma, ya sha ƙofa, ya shafe wurin sumul kamar goshin jariri.

"Kawo guduma."

Ya daka, guduma ta yi tsalle. Mai nama ya sara, gatari ya dakushe. Aka ɗaga shi aka maka da ƙasa, ƙasa ta lotsa. Mamadu, wanda ya biyo sawu, ya durƙusa ya shafa tubalin, ya ce, "Tun da nake sana'ar nan ban taɓa fitar da irin wannan ba. Wa ya kwaɓa?"

Bunu ya ce, "Ni," kuma duk da halin da ake ciki sai da ya gyara tsayuwa.

Ya gwada ɗora wayoyin a saman tubali ya danne da ƙafa, ya murɗa kontak. Shiru. Ya yi wa tubalin magana a hankali. Ya yi masa tsawa. Ya ce a tura, fasinjoji suka ce uwarsa ta tura. Ɗaya bayan ɗaya suka sauko suka nemi baburan kabu-kabu. Rana ta karkata, 'yan kasuwa suka fara naɗe tabarmi, buhunan wake suna nan bisa mota kamar an dasa su.

Sai ga Hajiya Ƙande. Mutane suka buɗa mata hanya. Ta dubi inda ban-ɗaki yake a da, ta dubi buhunanta, ta dubi ɗan ɗan'uwanta zaune a ƙasa da tubali a cinya.

"Bunu, wannan fa?"

"Gwaggo, ƙwaƙwalwar motarki ce. Yanzu ko aljani bai isa ya kwafe ta ba."

"Ita motar tana iya karanta ta?"

"Ita ma ba ta isa ba. Kin ga ƙarfin aikin ke nan."

Ta juya. "Tijjani, sauke buhunan nan ka ɗora a sharet, a mai da su gida. Ka kira Munir ya zo gobe da wani akwatin, ko na gwanjo ne."

Tijjani ya ce, "To, Inna." Ya matso kusa da Bunu ya rage murya. "Bawana, tsumman ƙahon nan fa, maganin ƙuda ne."

"Yanzu kake so in saki jiki. Na san irinku."

Hajiya Ƙande ta miƙa hannu, tafi a buɗe. Bunu ya yi kamar bai gane ba, ya kama hannun zai gaishe ta. Ta zare, ta sake miƙawa.

"Gwaggo, akwatin gwanjo bai san hanya ba. Duk basirata tana cikin wannan. Shekara da shekaru!"

"Taka ce?"

"Tawa ce, ni na zuba ta."

"To, ba na cin haƙƙin kowa. Ɗauki taka, ba ni nawa."

Makulli ya fito daga aljihu da ƙyar, kamar ana cire haƙori. Ta ƙulle shi a bakin zane, ta wuce. Sale ya aiko a gaya wa Bunu gobe da sassafe ya zo da cebur, shi zai tayar da bangon da ya kayar, kuma shi zai yi kwaɓi, tunda an ga hannunsa.

Bunu ya miƙe tsaye. Sannan ya cire hula ya naɗe ta gammo, ya ce a taya shi. Aka ɗora masa tubali a ka, wuyansa ya shige. Ya ratsa ta tsakiyar kasuwa, ba ta gefe ba, yana tafe yana tangaɗi, duk rumfar da ya wuce sai ya tsaya.

"Ku faɗi tsakaninku da Allah, an kwafa?"

Aka ce, "Ba a kwafa ba."

"To, ku shaida."

A bakin kasuwa inna mai daddawa ta ga gumi na zuba masa har gemu, ta ce, "Sannu, shofer. Da nauyi ko?"

Bunu ya gyara tubali da hannu biyu, ya dube ta ta ƙasan ido, don kan ba ya juyuwa.

"Inna, ilimi ne. Da kin ɗauka banza nake?"